A ba mu sabar gwaji, mun gaji da lalube

Wallahi abin ya kai ni wuya. Furosija, wato jerin umarnin kod da aka adana, mai ɗaruruwan layuka tana lissafin albashi a rumbun bayanai na SQL Server, ta fitar da jimilla ba daidai ba, oga ya ce yau-yau yake son gyara, amma ya hana ka hanyar leƙa cikinta!

Aikin fa ba wani sihiri ba ne idan kana da dibaga, wato abin bin kod layi-layi don gano kuskure. Ka danna F9, jan ɗigo ya hau kan layin da kake zargi, kod ya zo nan ya tsaya cak, ka duba abin da kowane ma'aji ke riƙe da shi, ka bi shi taki-taki da F11 har ka kama inda ya kauce. Da SSMS 18, manhajar sarrafa SQL Server, ta fito a 2019 babu wannan dibaga a cikinta, sai aka koma manhajar rubuta kod ta Visual Studio da SSDT, kayan aikinta na SQL Server. To mun koma. Sai kuma a ce sai kana da izinin sysadmin, wato cikakken iko a kan sabar, kuma sai an buɗe ƙofa ta 135 a katangar tsaro.

Mai kula da saba ya ce bai yarda ba, ni kuwa ban ga laifinsa ba. Idan ka tsayar da kod a tsakiyar aikin sauya bayanai (transaction) da bai kammala ba, duk layukan teburin da ya kulle suna nan a kulle, ma'aikatan da ke shigar da bayanai su yi ta kallon allo ya daskare har sai ka saki. Mai hankali ba ya yin haka a sabar da jama'a ke aiki a kanta.

Masu laifin su ne shugabannin wurin aikinmu da suka ƙi sayen kwamfuta guda a zuba kwafin rumbun. Kuɗin sabbin kujerun ofis bai taɓa gagara ba, wannan ne kullum "a jira kasafin baɗi".

Shi ya sa muke cusa PRINT, umarnin fitar da saƙo a allo, kowane lungu na kod kamar masu neman allura a cikin rairayi. Shi ma saƙonsa ba ya fitowa nan take, sai ka haɗa da RAISERROR da NOWAIT, ka gama kuma ka bi ka goge su ɗaya bayan ɗaya.

Ranka ya daɗe, albashin mutane ne fa muke taɓawa da ka. A ba mu sabar gwaji da cikakken izini a kanta, ko a daina tambayarmu dalilin da gyaran awa guda yake cin mako.