A Yi Mata Allura

Alhaji ya zo garejin bayan kasuwar Dole da mota Triumph TR6 ƙirar 1970, wadda aka sauke daga Amurka. Yara biyu ne ke tura ta.

Alhaji: Malam, allura nake so ka yi mata.

Yaron gareji: Maigida, in ruga kyamis?

Bakanike: Ruga ka ɗauko sifana. Alhaji, wa ya sa maka wannan magana a kunne?

Alhaji: An ce 'yar'uwarta ta Ingila doki 150 gare ta, tawa 104. Ina sauran 46 ɗin? Ko Sarkin Damagaram aka ɗebe wa doki 46 ranar hawan salla, sai an ji amo.

Bakanike: Ba a yi maka ƙarya ba. Injin ɗaya ne, silinda 6, lita 2.5. Ta Ingila da allurar Lucas ta fito, wato na'urar fesa fetur cikin injin, taka kuwa kabureta biyu na Zenith-Stromberg aka ɗora mata saboda dokar hayaƙi ta Amurka.

Alhaji: To, cire ka sa. Ina jira a nan har la'asar.

Bakanike: La'asar ta wane wata? Famfon da ke jikin injinka tura mai yake a hankali, a awon matsi bai kai rabin bar ba. Lucas bar 7 da ɗoriya take so. Za mu cire shi mu toshe gurbinsa da faranti, mu kafa na lantarki a baya kusa da tanki, da bawul mai maida rarar mai. Tankinka ba shi da ƙofar komowa, sai an yi masa. Tiyo duka sabbi, masu jure matsi. Tsohon roba ya fashe kusa da salansa, ba mota kaɗai za mu yi wa ta'aziyya ba.

Alhaji: Subhanallahi. Shi ke nan?

Bakanike: Ko sallama ba mu gama ba. Akwai ma'aunin mai, shi ne zuciyar abin. A gindin delko mai raba wuta yake zama, yana juyi ɗaya in injin ya yi biyu. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe mai kai da komo, shi ke auna wa kowace silinda rabonta, kamar mai awon gero da tiya. Lokacin ɗaura shi, fistan na 1 yana can ƙoli, ka kwance mafitar ta 6 ka leƙa ramin ya daidaita. Ka kuskure haƙori, ta tashi tana tari.

Yaro: Kamar Baba mai gadi.

Bakanike: Kai da wa ake magana? Sannan allurai 6, da maƙogwaron iska uku masu baki bibbiyu. Su kuma ba za su hau kilas ɗinka ba, wato kan injin, don tazarar ramukan ta Amurka ta wannan shekara ta fi matsewa. Sai an samo kilas irin na Ingila. Da ma a nan dawakinka suka ɓuya: matsin silindar taka 8.5 ne, nata 9.5, kuma sandar da ke buɗe supap ɗinta, wato bawul ɗin injin, daban ce. Ka sa allura ka bar waɗannan, kuɗinka ne kawai zai yi gudu.

Alhaji: Ashe dawakin ba a cikin allurar suke ba.

Bakanike: Allura hatsi take ba su. Af, a ina kake shan mai?

Alhaji: Wajen yaron nan na bakin kwana. Kwalbarsa cike take har wuya.

Bakanike: Ruwa-ruwa! Ga matatar mai ta SORAZ a bayan gari tun 2011, kai kana bin kwalba. Kabureta jaki ce, ta haɗiye ƙasa, a busa ta da baki ta tashi. Ma'aunin Lucas kuwa ƙwayar rairayi ɗaya ta karce shi, sai a nemo wani daga Ingila. Mai daga gidan mai, matata kafin famfo, kuma kada tanki ya sauka ƙasa da kwata, don ya shaƙi iska a kwana mota ta mutu.

Alhaji: In ta yi baƙin hayaƙi fa? Ina da surukai a Birni.

Bakanike: Ma'aunin ba shi da kwamfuta, zuƙar iskar injin yake saurare. Supap ya saki ko tiyon iska ya tsage, zuƙa ta ragu, sai ya ɗauka ka taka totur, ya yi ta ambaliya har buji ya yi baƙi ƙirin. Kafin ka taɓa shi, gyara supap da wuta. Allura kuma a zaro ta ɗaya-ɗaya a fesa cikin kwalba: feshi ya fito kamar hazo, in tana ɗiga ta tashi aiki. Ka riƙa sansana baƙin mai ma. Ya yi warin fetur, robar gindin delko ta mutu, kada ka tada ta.

Alhaji: Duk na ji. Famfon Lucas na asali za ka sa, wani ya bar mini shi da araha.

Bakanike: Ranka ya daɗe, injin share ruwan gilashi ne aka ɗaura wa famfo. A Ingila ma da sanyinta zafi yake ɗauka, mai ya zama tururi a ciki, ya yi ta kuka mota ta tsaya. Ina ga Afrilun Damagaram, zafi ya haura 40? Na Bosch ake sawa, ƙasa da tanki, da tiyo mai faɗi da waya mai kauri ta rile.

Alhaji: Masu na Lucas ɗin ya suke yi?

Bakanike: Wasu su naɗa masa tiyon mai ya sanyaya shi. Wasu su ɗora masa ƙanƙara a gefen hanya.

Alhaji: Ƙanƙara nawa ce?

Yaro: Dala goma ƙulli.

Alhaji: Bosch fa?

Bakanike ya raɗa masa a kunne. Alhaji ya cire hula ya yi fifita, ya buɗe bayan motar, ya dubi ramin, ya dubi yaron daga sama har ƙasa.

Alhaji: Kai yaro, shiga mu gani ko murfin zai rufe.