Har yaushe binciken itatuwanmu zai riƙa ƙarewa a kan ɓera?

Ranar 31 ga Agusta ta sake zagayowa ta wuce, ranar nan da aka ware wa maganin gargajiya na Afirka tun 2003, kuma abin da na ji daga bakin manya bana shi ne dai wanda na ji bara da bara waccan. Wai Allah ya hore mana dubban tsirrai masu magani, wai kashi 80 cikin 100 na mutanenmu da su suka dogara, wai China da Indiya suna kwasar kuɗi da nasu mu ma mun kusa. Aka tafa, aka ɗau hoto, aka watse. Abin ya tsaya min a rai sosai, don a satin nan ɗin nake ta zaryar asibiti wajen wani kawuna da aka yanke wa yatsun ƙafa biyu.

Kawu ya fi shekara goma yana fama da ciwon suga, yana shan ƙwayarsa ta metformin, yana lallaɓa rayuwarsa. Wata ranar kasuwa ya tsaya gaban motar nan mai lasifika a ka, mai maganin yana ɗaga wata takarda da aka yi wa hoto har ta kusa gogewa, da tambarin jami'a a samanta, yana cewa wannan ba zancen baki ba ne, farfesoshi sun gwada sun tabbatar, wanda ya sha jarka biyu ya yi sallama da suga har abada. Kawu ba jahili ba ne, tsohon malamin firamare ne, kuma takardar ce ta ja shi, ba lasifikar ba. Ya saya, ya ajiye ƙwaya wata biyu bai gaya wa kowa ba. Ɗan ƙaramin ciwo ne ya fito masa a yatsa, sai da wari ya fara fita aka gane abin da ake ciki.

Na nemi takardar na karanta. Ba ta ƙarya ba ce fa, bincike ne na gaske, amma a kan ɓeraye aka yi shi, na 'yan makonni, kuma a layin ƙarshe su kansu masu binciken sun rubuta cewa ana buƙatar ƙarin bincike. Wannan layin ne mai lasifika ba ya karantawa.

Duk wanda ya ratsa sashen haɗa magunguna ko na kimiyyar sinadaran jiki a jami'o'inmu ya san yadda abin yake tafiya. Ɗalibi zai je daji ko kasuwar Kurmi ya samo sassaƙen marke ko ganyen sabara ko saiwar wani abu, ya shanya a inuwa, ya daka a turmi, ya jiƙa a methanol, ya tace, ya ɗiga wannan ya ɗiga wancan ya rubuta cewa akwai sinadaran tannin da saponin da flavonoid a ciki, alhali da wuya ka tsinko ganyen da babu waɗannan a jikinsa. Sai a sayo ɓeraye a yi musu allurar alloxan ta lalata musu abin da ke samar da insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, a ɗura musu ruwan ganyen, a auna jini, suga ya ɗan sauka, shi kenan firojet ya kammala. A yi masa bango baƙi a jera a kanta. Malami ya ciro takarda daga ciki ya buga a mujalla ya haɗa cikin na neman ƙarin girma. Shekara mai zuwa wani ɗalibin ya zo ya sake yin haka da zogale, na bayansa da garahuni, na bayansa da shuwaka. Ban ga laifin yaran ba, da kuɗin aljihun iyayensu suke sayen ɓeran da sinadarin, wani lokacin har man janareta. Tsarin ne aka gina shi a kan yawan takardu, babu mai tambayar malami ko aikinsa ya taɓa kaiwa ga gadon mara lafiya.

Kuma ɓera ba mutum ba ne. Hantarsa daban take sarrafa magani, sannan abin da ake ɗura masa in aka lissafa da nauyin jikin babban mutum sau da yawa ya wuce abin da mutum zai iya sha. Ko a manyan kamfanonin duniya, cikin magunguna goma da suka tsallake gwajin dabbobi aka fara gwada su a jikin mutane, wajen tara ba sa kai labari. Ga kuma matsalar da ta shafi ganye shi kaɗai: sabarar da aka tsinko a Sakkwato da rani ba lallai ƙarfinta ya zo ɗaya da wadda aka tsinko a Kaduna da damina ba, to cokali nawa za a ce a sha, na wacce?

Da ka faɗi haka sai a taso maka, wai kai ɗan koren Turawa ne, wai su ne ke danne maganinmu don su sayar mana da nasu, wai abin da ya fito daga ƙasa na Allah ne ba ya illa. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi ci min rai, don duk Bahaushe ya san zaƙami ganye ne, ya san abin da yake yi wa mutum, ya san da kwankwani kakanninmu suke haɗa dafin kibiya. Masu maganin da na sani tun ina yaro, irin tsohuwar da ke ba da jiƙon yara a unguwarmu, ba su taɓa cewa ganye ba ya illa ba, su ne ma masu ja maka kunne kada ka wuce ludayi ɗaya, kada mai ciki ta kusance shi. 'Yan kasuwar Facebook da TikTok ne suka ƙirƙiro zancen nan don kaya su tafi.

Batun dannewa kuwa, a je a dubi maganin maleriyar da ke kowane kemis a ƙasar nan. Daga wani tsiro dangin tazargade aka ciro shi, kuma 'yan China ne suka yi aikin a lokacin da suke cikin talauci da rikici, ba wanda ya ba su izini. Gwamnatinsu ta buɗe shirin a 1967, wata mata mai suna Tu Youyou da mutanenta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, suka yi ta gwaji yana faɗuwa, sai da ta koma wani tsohon rubutun likitancinsu ta ga an ce a jiƙa ganyen a matse ruwan, ba a ce a dafa ba, ta gane zafin wuta ne ke kashe sinadarin. A 1971 suka dace. Ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu don a ga ko yana cutarwa, sannan aka kai shi ga masu zazzaɓi. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Su ma sun yi amfani da ɓera, amma ba su tsaya a nan ba, bambancin kenan. Kuma har yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada a ɗauki shayin ganyen a matsayin maganin maleriya, don ƙarfinsa ba shi da tabbas, zai iya ba ƙwayar cutar damar sabawa da maganin gaba ɗaya.

Abin takaicin shi ne mu ma mun taɓa bin hanyar nan kusan har ƙarshe, muka saki. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, babu unguwar da ba ta san kukan yaro cikin dare in ciwon ƙashi ya tashi ba. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja, zamanin Farfesa Charles Wambebe, ta zauna da wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, ya ba su haɗin da yake ba masu sikila. Ba wani abin ɓoye a ciki: masoro, kanumfari, ganyen dawa, da itacen da Yarbawa ke kira osun. Suka daidaita awonsa, suka mai da shi kafso, suka gwada a dabbobi, sannan suka gwada a jikin masu cutar aka ga yana rage yawan tashin ciwon. Aka sa masa suna Niprisan, aka yi masa rajistar mallaka a Amurka a 1998 da sunan shi mai maganin a cikin jerin waɗanda suka ƙirƙiro shi, wanda wannan kaɗai abin a yaba ne. A 2002 aka ba wani kamfanin Amurka mai suna Xechem lasisin sarrafa shi, Obasanjo ya ƙaddamar da shi a 2006 da sunan Nicosan, kafin ƙarshen 2008 kamfanin ya durƙushe, a 2009 gwamnati ta karɓe lasisin, maganin ya yi ɓatan dabo a kasuwa, iyayen da suka fara ganin sauƙi a jikin 'ya'yansu suka koma yawon nema kemis-kemis. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin magunguna na May & Baker, yake fitowa da sunan Niclovix. Kusan shekara goma kenan ta tafi a banza. Kuma gwajin farko na mutane 82 ne kacal, abin da ya kamata ya biyo baya shi ne babban gwaji na dubban marasa lafiya a asibitoci da yawa wanda zai sa duniya ta karɓe shi ba gardama. Wane Bature ne ya hana mu yin wannan? Kuɗin da ake kashewa a taron shekara-shekara da jakunkuna da alawus da an tara shi da an fara.

Lokacin korona ma mun ga irin ta. Shugaban Madagaska ya fito da kwalbar Covid-Organics a Afrilun 2020, mutane a nan suka ɗauka da zafi har ana zagin duk wanda ya ce a bari a gwada tukuna, aka kawo wa Buhari samfuri ta hannun shugaban Guinea-Bissau, NIPRD ta duba ta ce galibinsa tsiron nan ne dangin tazargade kuma ba ta ga hujjar yana warkar da korona ba. Masu zagin babu wanda ya dawo ya ba da haƙuri, sun wuce zuwa wata kwalbar.

Lambar NAFDAC da ake nuna wa mutane ita ma a fahimce ta. Yawancin magungunan gargajiya lambar da ke jikinsu da harafin L take ƙarewa, ma'anarta an duba ba a ga guba a samfurin da aka kai ba, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a kwalin ba. Mutum nawa ne a Dawanau ko Maigatari suka san wannan?

Tun da na ambaci Maigatari, ga zoɓo nan. Jigawa da Kano da Katsina ke noma shi, tirela-tirela ake lodawa ya tafi Meziko. Amma gwajin da aka fi ambata kan zoɓo da hawan jini a jami'ar Tufts ta Amurka aka yi shi, aka buga a 2010, mutum 65, kofi uku kullum na sati shida, jini ya sauka da maki wajen 7. Sauƙi ne ɗan kaɗan, na gaske ne, amma bai kai a ce mai hawan jini ya jefar da ƙwayarsa ba, balle irin zoɓon da muke cika wa suga. Mu da muke shan sa tun muna yara mu ya kamata a ce mun san amsar tambayoyin da suka fi damun mu: ya yake haɗuwa da ƙwayar hawan jinin da ake rubuta mana, mai ciki fa, mai ciwon ƙoda fa. Sunayen itatuwan nan ba yau aka fara tattara su ba, tun 1916 wani likita mai suna Dalziel ya buga kundin sunayen tsirrai da Hausa, har hano ma da sunansa masana kimiyya ke kiran sa. Shekara ɗari da ɗoriya muna ta jera suna muna cewa yana da amfani.

Likitocin da ke yamutsa fuska su ce duk abin gargajiya shirme ne ba zan ɓata lokaci a kansu ba, metformin ɗin da suke rubutawa ma asalinsa daga tsiro yake.

Abin yi ba wani mai tsawo ba ne. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da ma'aikatar lafiya su daina watsa 'yan kuɗi a kan ganye ɗari, su zaɓi uku ko huɗu da mutane suka riga suke sha, a kai su asibitin koyarwa na Aminu Kano da na Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo a gwada su a jikin mutane bisa ƙa'ida, in ya yi a faɗa, in bai yi ba ma a fito rediyo a faɗa da Hausa. Mai maganin da ya ba da haɗinsa a rubuta sunansa a ba shi kasonsa. Ghana tana da cibiyar binciken maganin tsirrai a garin Mampong tun 1975 har ta kai ana ba da wasu magungunan ganye a asibitocin gwamnatinta, ba wani sihiri suka yi ba. Wanda kuma ya ɗaga takardar ɓera a kasuwa ya ce wa mai suga ya ajiye maganinsa, a kama shi.

An sallami kawu, ya koma kan ƙwayarsa har an ƙara masa da allura, yana koyon taka ƙafar da sanda. Sauran jarkar kuwa sai da na yi da gaske kafin matarsa ta yarda aka zubar, ta ce min dubu goma sha biyu ya saye ta, kuma ai takarda ta nuna.