Lawiyawa Sun Koma Gona

Salama a gare ku, 'yan'uwana cikin Almasihu.

Wata Talata da damina na je ƙauyenmu gaishe da wani tsoho, abokin mahaifina, da ke kwance ba lafiya. Tsohon ya ce a kira masa fasto ya yi masa addu'a. Yaron da aka aika ya dawo ya ce Baba Fasto ba ya nan, Mama ta ce tun asuba ya tafi gona. Sai wata mata a tsakar gida ta ja tsaki, ta ce, "Wannan faston namu ya fi son gonarsa da tumakin Allah." Ban tanka ba. Da la'asar na haɗu da ma'ajin ikkilisiyar, ɗan ajinmu ne a firamare, ya buɗe mini littafinsa. Wata huɗu ke nan ba a ba faston albashi ba. 'Ya'yansa biyar, biyu an koro su daga makaranta saboda kuɗi.

Tun ranar nan Nehemiya 13 ba ta bar zuciyata ba. Nehemiya ya koma wurin sarki na ɗan lokaci, da ya dawo Urushalima ya tarar ba a ba Lawiyawa, wato masu hidimar Haikali, rabonsu, har su da mawaƙa kowa ya gudu gonarsa. Ku duba aya ta 11 da kyau, ku ga wanda ya sha faɗa. Nehemiya bai kira Lawiyawa ya ce musu ragwaye ko masu son duniya ba. Shugabannin jama'a ya tsare, ya tambaye su dalilin da ya sa aka yi watsi da Haikalin Allah. Sannan ya komo da Lawiyawa bakin aikinsu, mutanen Yahuza suka kawo zakkar hatsi da ruwan inabi da mai, ya naɗa amintattun mutane su kula da rumbuna. Mu kuwa mun juya abin: mu ne muka kori fasto zuwa gona da yunwa, mu ne kuma muke zaginsa don ba mu same shi a gida ba.

Allah da kansa ya shirya abin haka. A Littafin Ƙidaya 18 bai ba Lawiyawa gādon ƙasa kamar sauran kabilu ba, zakkar Isra'ilawa ya ba su a bakin aikinsu. Bulus ya kawo maganar cikin Sabon Alkawari, a 1 Korantiyawa 9:14, cewa Ubangiji ya umarta masu shelar bishara su ci abinci ta hanyar bishara. Har misalin bijimi mai sussuka ya kawo daga Maimaitawar Shari'a 25:4, wanda aka hana a sa masa takunkumi. Duk wanda ya taɓa kiwon shanun huɗa ya san ba a ɗaura musu garma da cikinsu wayam.

Na san abin da wani zai ce: ai Bulus da hannunsa ya ci, ɗinkin tanti ya yi a Koranti. Gaskiya ne, yana nan a Ayyukan Manzanni 18:3. Amma a ƙarasa karatun mana. A aya ta 5, da Sila da Timoti suka iso daga Makidoniya, Bulus ya duƙufa ga wa'azi ɗungum. A 2 Korantiyawa 11:9 ya faɗi cewa 'yan'uwan da suka zo daga Makidoniya ne suka biya masa bukatarsa. Filibiyawa ma ya gode musu don sun aika masa da taimako fiye da sau ɗaya yana Tasalonika. Shi ya bar haƙƙinsa don kansa, ba wanda ya ƙwace masa.

Wani kuma zai nuna mini masu jirgin sama da jerin motoci da muke gani a talabijin da Facebook. Ni ma abin yana ƙona mini rai, kuma ba su nake karewa ba. Sai dai laifin nasu ne, ba na mai bisharar da ke ƙauyen da mota ba ta shiga da damina ba. Kada ka ɗauki haushin kaza ka huce a kan dami.

Akwai ma tsohon tunanin da bai fita daga kanmu ba, wai akwai wasu Turawa can da ke biyan fasto. Zamanin ya wuce. 'Yan mishan uku na farko na ƙungiyar bishara ta SIM sun sauka Legas a 1893, biyu daga cikinsu, Gowans da Kent, suka mutu a 1894, kuma kuɗin wasu masu bi na nesa ne ya riƙe aikin shekaru da yawa. Amma ECWA, ikkilisiyar da ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da sunanta tun 1954. Ikkilisiyoyin COCIN da HEKAN da EYN da sauransu ma yau a wuyan 'ya'yansu suke. In faifan baiko ya koma wayam ranar Lahadi, tukunyar Mama Fasto ce ba za ta hau murhu ba.

Kuma fa aikin ba wa'azin awa ɗaya ba ne. Wa ake buga wa ƙofa ƙarfe biyu na dare in naƙuda ta yi gardama? Babur ɗin wa ake hawa zuwa asibiti, kuma wa ya taɓa tambayar wanda ya zuba man? Shi ke zaman sulhun miji da mata har tsakar dare, ya riƙe asirinsu har kabarinsa. Baƙon ikkilisiya a gidansa yake sauka, daga tuwon 'ya'yansa ake yanka masa. A wasu wuraren ma da ransa yake biya. Ba mu manta da Rabaran Lawan Andimi na EYN ba, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika, wanda 'yan Boko Haram suka kama suka kashe a Janairun 2020. Duk faston da ya rasu yana barin mata da yara, a gidan da sau da yawa na ikkilisiya ne, wanda sabon fasto zai zo ya shiga. Ku karanta 2 Sarakuna 4:1, kukan matar annabin da mai bin bashi ya zo kwashe 'ya'yanta biyu.

Don haka dattawa, kafin ku sa ranar gidauniyar sabon gini ko sayen kayan kiɗa, ku tambayi ma'aji ko ana bin ikkilisiya albashi. Zumuntar mata, ku da kuka fi kowa sanin abin da ke cikin madafin Mama, ku leƙa ba sai an yi roƙo daga bagade ba. Manomi, in kaka ta yi, ware damin fasto tun a gona. Ku da ke birni kuna karɓar albashi, ku tuna da majami'ar da aka yi muku baftisma.

Shi faston ƙauyen namu sai gab da faɗuwar rana ya iso, fartanya ɗaure a bayan keke, laka har gwiwa. Ya ɗebi ruwa a randa ya wanke hannu, ya nemi gafarar jinkiri, ya durƙusa gefen tabarmar tsohon ya riƙe hannunsa ya yi addu'a mai tsawo. Da na raka shi zaure na lura da silifas ɗinsa, da ƙusa aka riƙe igiyar ɗaya.