Masarar da muka kai gidan su 'yan sara-suka

Jiya bayan isha'i aka sake tono tsohuwar gardama a majalisarmu. Wani abokina ya ce wai ƙungiyar unguwarmu ta yi wasa da sadakar jama'a lokacin korona, tunda har gidajen 'yan sara-suka, wato 'yan daban nan Bauchi, ta kai wa hatsi. Ban tanka masa a can ba saboda akwai manya a wurin. Ga amsarsa nan, ya san kansa.

A tuna yadda Bauchi take a 2020. Cikin watan Maris aka sanar cewa Gwamna Bala Mohammed ya kamu da cutar, aka rufe makarantu, daga baya aka hana acaɓa. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu. A watan Mayu aka kulle ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki na kwana 10 da abin ya yi ƙamari a Azare. Mu na cikin gari ba a garƙame mu kamar Kano ba, amma da aka rufe iyakokin jihohi kasuwa ta kwanta. Yaron da ke dako a kasuwar Muda Lawal, da wanda ke karɓar babur ya yi aiki ya kawo balas da yamma, duk suka koma zaman dakali. Ma'aikaci yana jiran albashi. Su kuwa in ba a fita ba, ba a ɗora tukunya.

Ƙungiyar tamu ba wata babba ba ce. Malaman firamare ne da teloli da matan adashi, sai 'yan kasuwa biyu da suka fi mu ƙarfi. Ranar da muka zauna rubuta gidajen da za a kai wa, wani dattijo ya ce a tsallake gida huɗu, don kowa ya san aikin 'ya'yansu. Hajiyar da ke riƙe mana littafi ta ajiye biro ta ce, "Baba, uwar ce ta sari mutum, ko ƙannen?" Shiru ya yi. Aka rubuta su.

Kuma ba a hannun samarin muka sa ba. Uwa ake kira a zaure bayan asham, a ba ta mudu biyar na masara, shinkafa 'yar gida, man gyaɗa da sabulu. Babu hoto. Wannan doka na fi alfahari da ita, domin a shekarar na ga yadda ake jera zawarawa a rana a ɗauke su da taliya biyu a hannu a watsa a Facebook. Allah ya kiyashe mu.

Su samarin aiki muka ba su. Su cika bokitan wanke hannu a ƙofar masallatai, su sauke buhuna, wasu su zauna wurin tela suna yanka ƙyallen takunkumi, a sallame su kullum da yamma. Kuɗin ba yawa, amma yaron da ya wuni yana jidar ruwa da azumi a bakinsa, da ya sha ruwa barci yake nema. Wanda kuwa aka bari a lungu, ba makaranta, ba babur, ga ƙanne suna kuka, mai sayar da ƙwaya ma ya san inda zai same shi.

Ba zan yi maka ƙarya cewa duk sun shiryu ba. Ɗaya ya saci rabon uwarsa ya sayar a mako na biyu. Wani yanzu haka yana gidan yari, kuma abin da ya kai shi ba ƙarami ba ne. Ni kaina an taɓa tare ni da dare an ƙwace min waya, na san zafin abin, ba labari aka ba ni ba. Duk wanda ya zubar da jinin wani hukuma ta kama shi, ba na roƙa masa. Amma tun yaushe yunwar gida ta zama hukunci? Wace kotu ce ta yanke wa tsohuwa da jikokinta kwana da ruwan zafi?

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, masu wannan ƙorafi ban ji sun ɗaga murya haka ba a watan Oktoba na shekarar, da aka fasa rumbunan tallafin korona a Jos da Jalingo aka ga abinci jibge tun watanni talaka na jira. Mudu biyar ɗinmu ne ya tsone musu ido.

Littafin yana nan wurin Hajiya, da sunan kowane gida da abin da aka kai. Gobe bayan la'asar ka zo mu je ka duba. In mun dawo mu biya ta kasuwar Wunti, akwai ɗaya daga cikin yaran da har yau yake kan keken ɗinki a can, shi ya ɗinka min kaftanin da ka yaba ranar sallah.