Waya ɗaya, yara uku, ga zango ya kama

Daren Asabar ne, mun gama haɗa kayan komawa makaranta, sai saƙo ya shigo zauren WhatsApp na iyayen yara. Hukumar makaranta ta ce saboda halin tsaro a gefen garin da makarantar take, makonni uku na farkon zango daga gida yara za su yi karatu. Malamai za su riƙa turo darasi ta waya, yaro ya yi aikinsa, a ɗauki hoto a mayar kafin ƙarfe biyu na rana. Kuɗin zango na riga na biya. Yunifom ɗinsu da hannuna na ɗinka, don ni tela ne, an goge an rataye. Autana kuwa da sabon takalminsa ya kwana a gefen katifa.

Tun farko bari in faɗa, ban ga laifinsu ba da suka rufe ƙofa. Duk wanda ya zauna a Zamfara a 2021 ba zai tambayi shugaban makaranta dalili ba. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, su 279 ne suka dawo bayan kwanaki. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun. Maƙwabtanmu na Kebbi sun ga nasu a Birnin Yawuri a watan Yuni na wannan shekarar, suka sake gani a Maga a Nuwambar 2025. Jiki magayi. In aka ce mini in zaɓa tsakanin ɗiyata ta rasa darasin mako uku ko in kwana ina jiran kira daga daji, ai babu zaɓi a nan. Damuwata ita ce abin da aka miƙo mana bayan an rufe ƙofar, aka ce sunansa karatu.

Babbar waya ɗaya ce a gidanmu, kuma ita ce rabin shagona. Ta cikinta mata ke turo hoton ɗinkin da suke so, ta cikinta nake ganin alat idan an biya ni. Ranar Litinin na bar ta a gida. Wata mata ta zo karɓar kayan biki, ta ce ta tura kuɗi, ba ni da hanyar dubawa, na tsaya ina kallonta tana kallona, na ba ta kayan cikin jin nauyi. Ranar Talata na tafi da wayar, sai aikin yara ya kwana. Da na dawo bayan Magariba na tarar da sunan ɗiyata a jerin waɗanda ba su kawo aiki ba, an liƙa a zauren kowa yana gani. Yarinyar da tun daga aji ɗaya ba ta taɓa fashi ba.

Ko ranar da wayar ta wuni a gida, ba a tsira ba. Yara uku ne, aji uku, zaure uku, kuma duk malaman da ƙarfe takwas suke fara turowa. Babbar tana aji biyu na ƙaramar sakandare, mai bi mata yana aji biyar na firamare, auta yana aji biyu. Malamin lissafi ya turo bidiyo, ya tsaya gaban allo yana bayani. Kafin ya sauka a wayar sai da ɗiyata ta hau turmi a jikin katanga, inda sabis ya fi kamawa, ta ɗaga hannu sama tana kallon abin nan yana juyawa. Da ya buɗe, rubutun allon bai fito ba, alli ya haɗe da hasken taga. Ƙannenta suna ƙasa suna cewa, “Yaya, ki ba mu, namu ma ya shigo.” Kafin su kai ga nasu caji ya mutu. Wuta rabonmu da ita kwana biyu. Aka kai wa mai caji a bakin titi, naira 200, sai bayan La'asar.

Wanda ya ce a kunna janareta, ina jin bai sayi fetur da kuɗinsa ba tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi. Data kuma, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Datar da a da take kai ni mako, yanzu bidiyo huɗu ke cinye ta.

Amma ba kuɗin ne ya fi taɓa ni ba. Mai ɗakina ta sauke Alƙur'ani, ita ke yi wa yaran tilawa kullum bayan Asuba, firamare kuma ta gama. Ranar Laraba na dawo cin abincin rana na same ta zaune a tabarma, littafin lissafi a cinyarta, tukunya na kan wuta, ɗiyata tana tambayarta, “Mama, wannan x ɗin me ake nufi da shi?” Ta juya shafin gaba, ta juya baya. Ta saurari saƙon muryar malamin sau uku, da Turanci ne tun daga farko har ƙarshe. Sai ta ce, “Ki bari Babanku ya dawo.” Ga ni na dawo, ni ma rabona da wannan lissafin shekara ashirin da wani abu. Na ga yadda ta sunkuyar da kai a gaban 'yarta, kamar ita ta yi laifi. An mayar da uwa malamar darussa tara a dare ɗaya, babu wanda ya tambaye ta ko za ta iya, sannan idan aiki bai zo ba a rubuto a zaure cewa iyaye ba sa ba da haɗin kai.

Mu ma da sauƙi. Maƙwabciyarmu daga ƙauye suka taso bayan an kashe mijinta, awara take soyawa tana biya wa ɗanta makaranta, ajinsu ɗaya da na tsakiyana. Ƙaramar waya ce da ita, mai madannai. Ba ta cikin zauren, babu kuma wanda ya tuna ya kira ta. Ranar Litinin ta yi wa yaron wanka, ta sa masa yunifom, ta ba shi kuɗin tara, ya taka har makaranta, wurin da aka ce akwai hatsari, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Shi kaɗai ya dawo. Da yamma ta yi sallama a zaurena ta ce, “Malam, wai mi ya faru? Ko kuɗin ne ban cika ba?”

Abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda muka manta da Satumbar 2021. Ranar 1 ga wata gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun jihar nan gaba ɗaya. Ranar 3 ga wata aka katse layukan waya a duk ƙananan hukumomi 14. Wanda ke da uzurin kira sai ya hau mota zuwa Funtuwa, kafin ita ma a katse ta. Gusau ta samu sabis bayan kusan wata guda, sauran wurare sai ƙarshen Nuwamba, makarantu kuwa sai a Janairun 2022 aka fara buɗe wasu. Wato a jiharmu matsalar da ke rufe makaranta ita ce dai ke iya ɗauke sabis. Ta yaya za a ɗora karatun yaranmu kacokan a kan waya? A lokacin korona ma, da aka rufe makarantun ƙasar nan a Maris ɗin 2020, mun ga wanda ya ci gaba da wanda ya tsaya. 'Ya'yan masu kwamfuta da sola sun ci gaba. Sauran suka koma talla da gareji, wasu 'yan matan kuma ba su sake komawa aji ba.

Kada a ce ina gudun zamani. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarabawar JAMB, ɗiyata ma in Allah ya kai mu a gaban kwamfuta za ta zauna, kuma ina so ta iya. Na san a 2022 ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF sun buɗe dandalin Nigeria Learning Passport, darussa kyauta. Abu ne mai kyau ga wanda ke da babbar waya da caji da sabis. Malaman ma ba na ɗora musu. Na san da yawansu daga ɗan albashinsu suke sayen datar da suke turo mana bidiyon, su ma a kan katangar suke tsayawa.

Karatu daga nesa kuma ai ba baƙonmu ba ne. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta ga matan ƙauye ba za su iya barin gidajensu su zo gare ta ba, sai ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijan mata, jajoji, su zo su karɓi karatu a cikin waƙoƙin da ake haddacewa, da harshen da matan ke ji, su koma garuruwansu su koyar. Ta duba abin da ke hannun mutane ta gina a kansa. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 ita ma rediyo ta riƙe don isa ruga. Rediyo na nan a gidajenmu, batir biyu ke riƙe ta makonni, ba ta tambayar data, ko ƙaramar wayar maƙwabciyata tana kama tasha. A 2020 jihohi da dama sun sa darussa a rediyo. Me ya hana a ce akwai darussan da aka naɗa aka ajiye da Hausa da Turanci, da sa'ar da kowa ya sani, yadda ranar da aka rufe makaranta washegari za a kunna? Wannan aikin gwamnati ne, kuma tunda Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, ina ganin nan ne wurin da za a sa shi.

Makaranta ma akwai abin da za ta iya tun gobe, ba sai ta jira kowa ba. Ta buga aikin mako a takarda, uba ko yaya ya biya ya karɓa ranar Litinin ya mayar ranar Juma'a. Cikin kuɗin zangon da muka biya cif ai akwai na fotokwafi. In dole sai an turo ta waya, saƙon murya gajere da Hausa ya fi bidiyon minti ashirin, kuma a bar mu mu mayar da aiki da dare, lokacin da mai wayar ya dawo gida. Malaman da ke zaune a cikin gari a raba musu unguwanni. Makarantar allon unguwarmu ba ta taɓa rufewa ba duk tsawon shekarun nan, saboda a ƙofar gida take, malamin ya san uban kowane yaro.

Mu dai abin da muka yi ke nan a mako na biyu. Gida biyar muka haɗu. Akwai 'yar maƙwabcinmu da ta gama NCE tana zaune babu aiki, muka roƙe ta, kowane gida yana ba da abin da ya sawwaƙa. Na share zaurena, na shafa wa wani katako baƙin fenti ya zama allo. Da safe kafin in fita shago take kwafe darussan daga wayata zuwa littafi, in tafi da wayata, ita ta zauna da yara goma sha ɗaya. A kwana biyu ɗiyata ta gane x ɗin nan, har tana nuna wa mahaifiyarta. Amma gida biyar ne kawai, a layi ɗaya, a cikin Gusau. Ina tunanin na Zurmi da Shinkafi da Anka da Tsafe, inda ko wanda zai kwafe darasin babu.

Asabar mai zuwa akwai taron iyaye da malamai, kuma zan je in faɗi wannan a gaban shugaban makaranta, da ladabi. Idan akwai iyayen da ke cikin irin wannan hali, ku zo, kada ku bar ni ni kaɗai ina magana a ce ƙorafin mutum ɗaya ne. Maƙwabciyata ba za ta samu zuwa ba, lokacin suyar awara ne. Ta dai ba ni saƙo. Ta ce, “Malam, ka ce musu su goge sunan ɗana daga cikin masu fashi. Ranar farko shi kaɗai ya je.”