Ivy League ƙungiyar wasanni ce, ba jerin jami'o'in da suka fi kowa ba

Mutane da yawa idan suka ji "Ivy League" sai su ɗauka wani mataki ne da jami'ar Amurka ke hawa idan karatunta ya yi kyau. Ba haka abin yake ba. Ƙungiyar gasar wasanni ce ta jami'o'i takwas a arewa maso gabashin ƙasar, aka kafa ta a hukumance a 1954: Harvard, Yale, Princeton, Columbia, Pennsylvania, Brown, Dartmouth da Cornell. Shi ya sa jami'o'in MIT da Stanford ba sa ciki, duk da ba wanda zai ce sun gaza a fagen ilimi.

Sai dai sunan ya fi ƙarfin filin wasa. Da yake bakwai daga cikinsu sun girmi 'yancin kan Amurka, martabar tsofaffin ta lulluɓe ƙungiyar baki ɗaya, har Cornell da aka kafa a 1865 take cin albarkacinta wajen jawo ɗalibai. Abin mamaki ma, ba sa ba ɗan wasa tallafin karatu don ƙwarewarsa a wasa, sai don buƙatar iyalinsa.