Ɗan bokon da yaƙi ya zaunar a gida, wa ke tambayar halin da yake ciki?

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin manyanmu a nan Gadarif da ke gabashin Sudan, kuma ta daɗe tana ci mini rai, wai yaran yanzu ba su da juriya. Da an ga saurayi ya yi jugum, ya rage cin abinci, ya kwana yana latsa waya, sai a ce: "Me ya gani? Mu da muka ga abin da muka gani ai ba mu zauce ba." Ban yarda da wannan hukunci ba, kuma zan faɗi dalilina ko da iyayena za su ji ba daɗi.

Ba ina musun wahalar da manya suka sha ba ne. Mu jikokin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa ne. Wasu sun biyo Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, wasu niyyar Hajji ta fito da su suka yi shekaru a hanya, suka tsaya tsintar auduga a Jazira, daga nan zama ya kama su. Na yanzu ma sun ga rikicin Damazin da Wad al-Mahi a 2022, lokacin da aka ƙone gidajen Hausawa. Yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, Madani ta faɗi a Disambar shekarar, Sinja ta biyo baya a tsakiyar 2024, muka ga tsofaffi sun iso garin nan a bayan manyan motoci da ƙullin kaya ɗaya. Duk wanda ya ce ba su da haƙuri bai yi musu adalci ba.

Amma a dubi yadda dattijo ke cinye yininsa. Sau biyar zai fita masallaci, ya tsaya a sahun da ya saba, kusa da mutanen da ya saba. Bayan asuba yana da wuridinsa, bayan la'asar yana da majalisarsa a gindin bishiya. In damina ce gona na jiransa, in kaka ce riɗi ba ya jiran kowa, dole a yanke shi kafin ya fashe ya zube. Ranar da ba a gan shi a magariba ba, kafin isha'i wani ya yi sallama a ƙofar gidansa: "Alhaji, lafiya kuwa?" Imani ne ke riƙe da shi, ba shakka, amma imanin nan yana da lokuta, yana da wurin zama, yana da mutanen da za su lura in ya ɓace.

Iyayenmu mata ma haka. Wanda bai taɓa zama kusa da inda suke haɗa jabana, wato gahawarmu ta gargajiya, da hantsi ba, bai san yadda ake sauke nauyin zuciya a gidajenmu ba. A soya gahawa a kan gawayi har ƙamshi ya kai maƙwabta, a daka ta a ƙaramin turmi da citta, a sa turaren wuta, a jera finjalai a faranti. Ba a gaggawa. Zagayen farko hirar tsadar sukari ce da kuɗin adashi. Kafin a kai zagaye na uku wata ta fara maganar ɗanta da ba ta ji duriyarsa ba tun da aka shiga unguwarsu, hawaye ya zo, ta kusa da ita ta dafa mata gwiwa ta ce, "Yaya, yi kukanki, babu baƙo a nan." Ta yi kukanta, ta share fuska da gefen mayafi, a ƙara mata gahawa. Gobe kuma a gidan wata za a zauna.

Ko almajirin khalwa, wato makarantar allo, yana da abin da ke tashinsa da asuba. Ba zan ƙawata khalwa ba, akwai yunwa, akwai duka, kuma binciken da sashen Larabci na BBC ya fitar a 2020 ya nuna yara ɗaure da mari a wasu daga cikinsu, abin da babu mai tsoron Allah da zai kare. Sai dai karatun allo yana da wata baiwa da ta fito fili a wannan yaƙin. In malam ya yi hijira, makaranta ta yi hijira tare da shi. Allo, tawada, inuwa, shi ke nan. Yaro ya san yau zai wanke, gobe zai ɗora daga inda ya tsaya.

To ɗan boko fa? Shi tun yana ɗan shekara shida aka ɗora shi a kan tsani aka ce ya yi ta hawa: firamare, sakandare, jarrabawar shahada ta gama sakandare, jami'a, aiki. Bai koyi noma ba saboda mu muka ce ya riƙe littafi. Bai zauna majalisar manya ba saboda mu muka ce ya tashi ya je ya yi bita. Rana ɗaya aka janye tsanin. Waɗanda ya kamata su zauna shahada a 2023 sai a ƙarshen Disambar 2024 aka yi musu, da yawa kuma ba su samu isa inda ake yin ta ba. Azuzuwa sun koma ɗakunan kwanan 'yan gudun hijira. A Oktoban 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Jami'ar Afirka da sauran jami'o'in Khartoum an kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, na taya su murna, suna da wata ƙasar da za su koma. Namu nan ne gida.

Ɗan ƙanwata yana ajin ƙarshe na sakandare lokacin da aka rufe. Yaro ne mai ƙoƙari, burinsa likitanci. Watannin farko ya ci gaba da bita, littattafansa a cikin leda saboda ƙura. Sannu a hankali ledar ta daina buɗuwa. Ya koma barcin rana, farkawar dare. Da na zaunar da shi, bai yi mini ƙorafin yunwa ko tsoron harbi ba. Cewa ya yi, "Kawu, in na tashi da safe, me zan tashi in yi? Wa ke jira na?" Wannan tambayar ita ce ciwon, kuma mahaifinsa, duk da son da yake masa, bai taɓa fuskantar irinta ba, domin shi kullum akwai abin da ke jiransa.

Ana zagin waya, ni ma na san illarta. Yaro ya kwana yana kallon bidiyon gawarwaki, dole zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Amma a wayar nan 'yan ajinsu suke, waɗanda suka warwatsu tsakanin Kassala, Alƙahira da Jidda. A ciki ake turo wa iyalinsa kuɗi ta manhajar banki ta Bankak. In ka ƙwace ta ba ka ba shi komai a madadinta ba, ka rufe ƙofar ƙarshe da yake ganin tsaransa. Daga nan ne wasu ke faɗawa shan bango, wato tabar wiwi, da ƙwaya, wasu su nufi ramukan zinariya, wasu hanyar Libiya.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce takaya, ɗakunan girkin unguwa da suka ciyar da mutane a Omdurman da Bahri da sauran wurare lokacin da komai ya tsaya. Su wa suka riƙe su, su da ƙungiyoyin sa-kai da ake kira ɗakunan agajin gaggawa? Yaran nan ne da ake cewa ba su da juriya. Ɗalibar jami'a tana lissafin buhunan adas, wani nau'in wake, ɗan sakandare yana ɗauko ruwa ana luguden wuta. Da aka ba su aikin da mutane ke jira a kansa, sai ga ƙarfin da ake cewa babu. Saboda haka roƙona ga iyaye da limamai da malaman unguwa shi ne a daina yi musu wa'azin haƙuri kawai a tashi. A ba su aiki mai lokaci. Yara ƙanana sun cika unguwa sun manta karatu, a tara su a zaure, a ce wa wannan matashin ƙarfe takwas kai ne malaminsu. A tafi da shi yankan riɗi a biya shi haƙƙinsa. A kira shi majalisa a nemi ra'ayinsa, ba aike kaɗai ba.

'Yan mata kuwa lamarinsu ya fi ba ni tsoro, domin su shirunsu ma yabo yake jawowa, a ce yarinya mai kunya. Wasu sun ga abin da baki ba ya iya faɗa a hanyar gudu. Maganin da gidaje da yawa suka sani shi ne a aurar da ita da wuri. Aure ba ya goge abin da ke hana ta barci, sai dai ya kai ta gidan da ba ta da wanda za ta gaya wa.

Akwai kuma matakin da aiki da hira ba sa isa. Wanda ya yi makonni ba barci, yake firgita da ƙarar ƙofa, ko ya fara cewa gara mutuwa, wannan mara lafiya ne. Mu a Sudan bai kamata a ce mun raba malam da likita ba. Dokta Tijani al-Mahi, wanda ya rasu a 1970, wanda asibitin masu taɓin hankali na Omdurman ke ɗauke da sunansa, shi ya fara wannan fanni a ƙasar nan, kuma bai raina shehunai ba, ya yi aiki tare da su saboda ya san wurinsu mutane ke fara zuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa tun kafin yaƙi, akasarinsu a Khartoum suke, yanzu kuma sun watse, don haka wanda ya san inda ɗaya yake zama ya sanar da liman da mai unguwa. Malamin da aka kawo masa irin wannan yaro ya yi masa addu'a, ya ba shi rubutu in iyaye sun nema, sannan ya dubi uban ya ce a kai shi asibiti, bayan mako guda kuma ya aika a tambayo ko an je.